Inna, Mutane Sun Karanta Labarinmu na Managil

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina rubuto miki ne daga Mai Wurno ta bakin Nilu, daga ɗakinki na gabas wanda yanzu ya zama nawa. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kina raye ma sai dai in zauna a gefen tabarmarki in karanta miki, kina katse ni kina tambayar ko na ci abinci. Amma magana ta taru mini a zuciya, kuma ke ce mai ita.

Inna, na rubuta littafi. Shekara shida bayan rasuwarki, da na ajiye aikin koyarwa na dawo gida, na zauna na rubuta labarin ƙuruciyata. Ƙaramin littafi ne, kaurinsa bai kai yatsa ba. Da Hausa na rubuta shi, irin tamu ta nan, wadda Larabci ya shiga cikinta ya yi zaune. Na yi zaton mutum ashirin ko talatin za su karanta, yawancinsu tsofaffin ɗalibaina, su ce Ustaza Rakiya ta yi ƙoƙari, shi ke nan. Sai ga shi ya yi tafiyar da ban taɓa yi ba.

Labarin tashinmu ne daga nan zuwa ƙauyen nan na kusa da Managil, lokacin da Baba ya samu noman auduga a hawashar wani mutum. Ina da shekara takwas, Yaya Sani yana da sha biyu. Na rubuta yadda muka hau bayan lori da tukwanenki da turmi, da yadda kika riƙe akuyarmu tsakanin ƙafafunki tun daga Sennar har muka sauka. Na rubuta yadda muka tarar da garin duk Larabawa ne, gidajen Hausawa uku kacal, can a bakin magudanar ruwa.

A Mai Wurno ban taɓa sanin cewa ni wata iri ce daban ba. Kowa Hausa yake yi ko Fillanci, a kasuwa, a bakin kogi, a makarantar allo. Larabcin da na sani bai wuce na sayen gishiri ba. A can na fara jin ana kirana Fallatiyya, sunan da Larabawa ke kiran irinmu da shi, ana nuna ni da baki.

Na rubuta yadda na ƙi cin kisra, siririyar wainar dawarsu, na ce tsami gare ta, na yi ta kukan tuwo da miyar kuka. Na rubuta yadda kika je gidan maƙwabciyarmu kika tsuguna kina koyon shafa ƙullun a kan ƙarfe mai zafi, yatsunki duk suka ƙone, ba don kina sonta ba sai don kada in je makaranta da abincin da za a yi mini dariya. Kin kan ce mini, "Ɗiyata, garin mutane ne. Ki buɗe kunne, ki rage baki." Na buɗe kunnen kuwa. Kafin shekara ta zagayo Larabcina ya gyaru, har malama tana tsayar da ni in karanta wa aji.

Duk wannan masu karatu sun so shi. Sun yi dariyar akuya, sun tausaya wa yatsunki. Babi na biyar ne ya tayar da ƙura.

Kin san abin da ke cikinsa, don ke aka yi wa. Auduga ba ta yi kyau ba a shekararmu ta biyu, sai kika fara soya gyaɗa kina kaiwa ƙofar makarantarmu ta 'yan mata. Kina zama a gindin bishiyar darbejiya da tirenki, lokacin hutun karin kumallo yara su kewaye ki. Ni kuwa a lokacin na fara samun ƙawaye, musamman Awatif, 'yar mai shagon garin, wadda duk aji ke son zama kusa da ita. Na ji tsoron idan suka san ke ce uwata, zan koma inda na fito, ni kaɗai a bencin baya. Sai na daina fita hutu. Ina zama a aji in ce kaina ke ciwo.

Wata rana Awatif ta ja hannuna, dole sai mun je sayen gyaɗa. Muka tsaya a gabanki. Kika ɗago kai kika gan ni, fuskarki ta fara washewa. Ɗaya daga cikin yaran ta ce, "Rakiya, wannan 'yar uwarku ce, ko? Kin san ta?" Na ce da Larabci, "Ban san ta ba." Na ciro girish ɗin da ke da kanki kika ba ni da safe, na miƙa miki kamar kowace yarinya.

Kika dubi kuɗin, kika dube ni. Kika karɓa. Kika ƙulla mini gyaɗa a takarda, kika ce, "Shukran, ya bitti," wato na gode, 'yata, da muryar da kike yi wa 'ya'yan mutane.

Da na dawo gida na tarar kina tankaɗe. Na jira faɗa, na jira duka, na jira ki gaya wa Baba. Kika ce kawai, "Ki wanke hannu, tuwonki na nan cikin kwano." Sati bai cika ba kika daina zuwa ƙofar makaranta. Kika koma kai tallanki tashar mota a cikin Managil, tafiyar fiye da awa guda a ƙasa, da tire a kai, cikin zafin ranar nan ta yankin Jazira. A littafin na rubuta cewa baƙin cikin abin da na yi ne ya kore ki. Haka na ɗauka shekara arba'in da wani abu.

To, Inna, bari in gaya miki abin da mutane suka ce.

Waɗanda suka fara rubuto mini mutanen Nijeriya ne, bayan wani ɗalibina da ke karatu a Kano ya tafi da littafin. Wani dattijo ya ce bai taɓa sanin akwai garuruwan Hausawa a bakin Nilu ba, kuma maganarki a littafin ta tuna masa da kakarsa ta Sakkwato. Wani kuma ya rubuto mini doguwar takarda yana gyara mini Hausa. Ya ce kalmar hawasha ba Hausa ba ce, in cire in sa gona. Na gode masa, na ce mahaifina ya yi shekara sha ɗaya yana zuba gumi a kanta, kuma hawasha ya kira ta har ya koma ga Allah, don haka zan bar ta.

Wata mata daga Jidda ta turo mini saƙon murya ta waya. Ta fara magana sau uku tana tsayawa. Ta ce ɗanta yana makaranta a can, idan ta je ɗauko shi ta yi masa Hausa sai ya yi kamar bai ji ba, ya wuce gaba ya jira ta a kwanar layi. Ta ce, "Ustaza, da na ɗauka yaron nan ya tsane ni. Da na karanta babin nan na gane tsoro yake ji." Na yi kwana biyu ina tunanin matar nan.

Ba duka ne masu daɗi ba. Wata malama daga Sennar ta ce na zubar mana da mutunci. Ta ce dama ana kallonmu masu tallar gyaɗa da tsintar auduga, maimakon in rubuta labarin likitocinmu da alƙalanmu, sai na ƙara musu abin faɗa. Wani ya ce ɗiyar da ta musanta uwarta ba ta da abin da za ta koya wa kowa. Wannan bai ɓata mini rai ba, don ni ma na sha faɗa wa kaina haka.

Wanda ya fi yi mini ciwo Yaya Sani ne. Kin san shi ba mai karatun littafi ba ne, 'yarsa Maryam ce ta karanta masa. Ya zo nan tsakar gida, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Rakiya, matar nan ta rufa miki asiri har ta shiga kabari. Ko Baba bai sani ba, ni ma ban sani ba. Ke kuma kin ɗauki abin da ta binne kin baza a kasuwa. Wa ya ba ki izini?" Na ce labarina ne. Ya ce, "Nata ne." Ya juya ya fita. Daga ranar ya daina zuwa shan shayi bayan sallar Juma'a, abin da bai taɓa fashi ba tun da na dawo gida.

Maganarsa ta shige ni, Inna, don akwai gaskiya a ciki. Ke mace ce mai kunya. Ko ciwo kike yi sai an matsa kike faɗa. Na fara tambayar kaina ko na sake yi miki wani laifin ne da sunan tuba. Da mai buga littafin ya ce za a sake bugawa, na gaya masa ya dakata, wataƙila in cire babin gaba ɗaya.

Ana cikin haka Maryam ta ƙara wa abin wuta, ba da nufi ba. Kin san yaran yanzu, Hausar tasu ta baki ce kawai, karatunta wuya yake yi musu. Ƙawayenta suka dame ta, sai ta juya babi na biyar zuwa Larabci ta sa a waya. Daga wannan waya zuwa waccan, ya bi mutanenmu duk inda yaƙin da ake yi a ƙasar nan ya watsa su. Wani saurayi daga Abu Na'ama ya rubuto mini da Larabci, ya ce shi kunyarsa ta juye: kakarsa na yi masa Hausa yana amsawa da Larabci, ba don yana ɓoyewa ba sai don bai iya ba, kuma yanzu ya fara zama wurinta da yamma yana tambayarta sunayen abubuwa. Larabawa ma suka karanta. Wasu suka ba da haƙuri a kan abin da ba su suka yi ba. Wasu suka ce ƙari na yi, ba a taɓa yin haka a ƙauyukansu ba.

Wata safiya ina shanya kaya sai waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka. Wata mata ta ce, "Rakiya ce? Rakiya mai ciwon kai lokacin hutu?" Na zauna a kan turmi. Awatif ce. Rabona da muryarta tun muna 'yan mata, tun da aka yi mata aure aka kai ta wani gari. Yanzu tana Gadarif wurin ɗanta, ita ma yaƙi ya raba ta da gidanta. Jikarta ce ta nuna mata babin.

Muka gaisa, muka tambayi rayayyu da matattu. Na yi mata ta'aziyyar mijinta, ta yi mini taki. Sannan ta yi dariyar nan tata da ban manta ba, ta ce, "Ke dai tun muna yara kina ganin kin fi kowa wayo. Kina tsammanin ba mu sani ba? Tun ranar da ta fara zama a gindin bishiyar nan muka sani. Wushiryarku ɗaya, tafiyarku ɗaya. Wa za ki ɓoye wa?"



Ta ce abin da na yi ranar nan ya dame ta, ta kasa cin gyaɗar. Washegari ta koma wurinki ita kaɗai, ta ce, "Hajja, Rakiya ba ɗiyarki ba ce?" Ta ce kika gyara takardun ƙulli, sannan kika amsa da Larabcinki mai tuntuɓe: "Bitti ce, ɗiyata ce. Ku ƙyale ta. Ƙarama ce, tana koyon zama da ku. Kada ku nuna mata kun sani." Kika sa ta yi miki alkawari, ita kuma ta sa sauran yaran suka yi.

Ta ce ranar da za ki daina zuwa ma kin yi musu sallama. Suka ce don me, Hajja, ko mun yi miki laifi? Kika ce, "A'a. Muddin ina nan ba ta fitowa. Tana zaune cikin aji ba ci ba wasa. In na tafi za ta fito."

Inna, na fito kuwa. Na tuna sarai. Satin da kika daina zuwa na fito na yi tsalle-tsalle da igiya har ƙafata ta yi ciwo, zuciyata wasai, ina ganin na tsira. A daidai wannan lokacin ke kina kan hanyar Managil da tire a kai.

Awatif ta ƙara mini da abu ɗaya. Ta ce ta ba mahaifiyarta labarin, matar ta ce, "Yarinyar da ke da uwa irin wannan, ki kawo mini ita gida." Wannan ce gayyatar da aka yi mini gidansu, wadda na cika shafi uku a littafin ina alfahari da ita, ina cewa Larabcina ne ya buɗe mini ƙofar.

Da muka ajiye waya na daɗe zaune. Kayan da ban shanya ba suna cikin bokiti. Ban yi kuka nan take ba, sai da na tashi na shiga ɗakinki. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na rubuta littafi guda a kanki, mutane suna ta yabona wai na faɗi gaskiya mai ɗaci, alhali rabin gaskiyar kawai na sani. Na san abin da na yi. Ban san abin da kika yi ba. Na ba ki baƙin ciki irin nawa, na ce fushi ya kore ki, don ni da aka yi wa haka fushi zan yi.

Ba wai ban taɓa ƙoƙarin yi miki maganar ba. A jinyarki ta ƙarshe, wata la'asar ina matsa miki ƙafa, na ce, "Inna, kin tuna makarantarmu ta Managil?" Kika ce, "Na tuna. Can kika zo ta ɗaya a Larabci, malamarku ta aiko mini da gaisuwa. Miƙo mini ruwa." Na miƙo miki ruwa. Na ga kin rufe ƙofar, ni kuma na ji sauƙi da kika rufe, ban sake turawa ba. Kwana tara bayan nan kika tafi.

Na kira Maryam na gaya mata duk abin da Awatif ta faɗa, na ce ta kai wa babanta, don ni ba ya ɗaukar wayata. Juma'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta uku, bayan an sauko daga masallaci, na ji sallamarsa a ƙofa. Ya shigo ya zauna a kan kujerar da ya saba. Na ɗora shayi. Muka yi maganar ruwan sama da tsadar dawa, kamar jiya muka rabu.

Sai da ya sha kofi na biyu ya ce, "Kin rubuta wai tiren fari ne. Shuɗi ne, mai furanni a baki." Na ce zan gyara. Ya juya kofin a hannu. Can ya ce, "Da ta koma tasha, makarantarmu ta maza tana bayan tashar. Shekara biyu ta bayan kasuwar dabbobi nake zagayawa, don kada in bi ta gabanta." Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya huɗu, gemunsa fari fat, yana zaune yana share ido da bakin rawani. Na ƙara masa shayi.

Har yanzu bai ce na yi daidai da na rubuta ba, kuma ba na jin zai ce. Da zai tafi dai ya tsaya a ƙofa ya ce idan za a sake bugawa, in sa maganar Balarabiyar nan duka, kada in rage ko kalma ɗaya.

Haka zan yi, Inna. Babi na biyar zai tsaya yadda yake, da kuskurena a ciki, sannan in biyo shi da abin da Awatif ta gaya mini. Na nemi izininta ta ba ni, ta ce in rubuta har da cewa gyaɗarki ta fi ta kowa gishiri daidai. Idan na keta miki kunya da wannan, ki yafe mini. Malamar Sennar tana son in rubuta labarin manyanmu. Na rubuta mata amsa jiya, na ce ai shi na riga na rubuta.

Abin da na kasa faɗa ina matsa miki ƙafa, ga shi yau a gaban duk mai karanta wannan wasiƙa: na yi miki laifi, Inna, ina neman gafararki. Na san kin riga kin yafe tun kafin in iso gida ranar nan. Amma yafewarki daban, roƙona daban, kuma nawa ne ya yi saura.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sanyaya shi. Kowane taku da kika yi a hanyar nan cikin rana, Allah Ya sa ki tarar da shi a mizani. Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya mayar da mutanenmu da suka watsu gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasar nan. Iyayen da ke renon 'ya'ya a garin mutane, Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba 'ya'yan nasu hankali tun iyayen suna da rai. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ɗiyarki,
Rakiya